Ƙauyen Inna a Jikin Bango

Shekara biyu ke nan da Yakuba ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Zuwera, daga ƙauyensu na ƙasar Adar ya kawo ta Yamai. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye bayan rasuwar mijinta, kuma babu wanda ya rage a gidan da zai riƙa ɗaga ta yana kwantarwa. Yayyensa maza sun watse neman abinci, ɗaya a Abijan, ɗaya a Libiya, matan kuwa kowace tana ɗakin mijinta. Shi ne auta, shi ne kuma mai mota, ko da yake motar tsohuwar taksi ce da yake yawo da ita tsakanin unguwar Boukoki da kasuwar Petit Marché.

Ɗaki biyu gare su a wani gidan haya a Boukoki. Suka bar wa Inna na waje, shi da matarsa Samira suka matsa na ciki. Samira haifaffiyar Yamai ce, Zabarmanci ne bakin gidansu, Hausarta ta kasuwa ce, amma ita ke yi wa tsohuwar wanka, ita ke kwashe kashinta, ba ta taɓa ɓata fuska ba.

Abin da ya fi ciwon jikin damun Yakuba shi ne tambayar safe. Inna tana da wani ɗan ƙunshi, zane biyu da ludayi da carbi, ba ta yarda a kwance shi. Kullum in ya sunkuya zai gaishe ta kafin ya fita, sai ta dafa ƙunshin da hannunta mai lafiya.

"Auta, yau za mu tahi gida?"

"Sai an gyara mota, Inna."

Ya kai ta wajen likita ya tambaya ko za ta iya tafiyar. Likitan ya ce hanyar ta yi mata nisa, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ya ƙara da cewa hankalinta ma ya fara janyewa, kada su yi mamaki in ta fara rikita mutane.

Yakuba ya roƙi ɗan baffansa Bala, wanda har yanzu yake noma a ƙauyen, ya ɗauko masa bidiyon garin ya turo ta salula. Da ya kara mata salular a fuska, ta ƙanƙance ido ta daɗe tana dubawa, sannan ta ture hannunsa.

"Mi ne ne wannan? Tururuwa?"

Idonta ya yi rauni, ba ta ganin ƙaramin abu.

Wata rana ya ɗauki wata ma'aikaciya a unguwar Plateau, rungume da wata baƙar jaka kamar mai riƙe da jariri. Ya tambaye ta abin da ke ciki, ta ce majigi ne, za ta je taro ta haska wa mutane hotuna a bango. Ta ce yanzu har akwai ƙanana na talaka, ana sa musu duk abin da ke cikin salula, su mayar da shi kamar girman ƙofa. Bayan ya sauke ta, ya gangara gefen hanya ya kashe mota ya zauna. Ya tuna lokacin da yake yaro, masu rigakafi sun taɓa zuwa garinsu da majigi suka haska a bangon makaranta, Inna ta yi ta dariya har tana riƙe ciki don ta ga sauro ya kai girman akuya.

Tayoyin gaban motarsa sun suɗe, ya daɗe yana tara kuɗin sauya su. Ya ce su ƙara haƙuri. Ya shiga kasuwar Katako ya yi ta zagaya rumfunan masu kayan wuta na hannu, har ya samu wani ɗan majigi fari da rawaya, bai fi kwanon sha ba. Mai rumfar ya kunna shi a cikin wani babban kwali don ya gwada masa, hoton 'yan ƙwallo ya fito dishi-dishi.

"Gaskiya zan faɗa maka, wannan sai da duhu," in ji mai rumfar. "In akwai haske ko kaɗan, ba ka ganin komai. Kuma yana zafi, kada ka bar shi ya daɗe. Ka samu farin abu ka haska a kai."

Bangon ɗakin Inna shuɗi ne, fentin ya ɓaɓɓare, ga tabon ruwan damina ya sauko daga sama. Don haka Yakuba ya biya wajen masu yadi kusa da Petit Marché, ya ce a yanko masa fari sol, mai faɗi, marar ado. Dattijon da ke sayarwa ya ajiye almakashi, ya sassauta murya.

"Allah ya jiƙan rai. Namiji ne ko mace?"

Yakuba ya yi bayani, dattijon ya ba da haƙuri, suka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Amma da ya isa gida ya warware yadin, Samira ta ja shi cikin ɗaki ta rufe ƙofa.

"Wannan ba za ka rataya shi a kan tsohuwa marar lafiya ba. Duk wanda ya leƙo me zai ce? Ita kanta in ta buɗe ido ta gan shi fa?"

Bai yi gardama ba. Ya ba maƙwabcinsu tela yadin, ya sayo farin fenti. Ranar Lahadi suka fitar da Inna inuwar darbejiyar tsakar gida, ya kankare bango ɗaya, ya cike ramukan ƙusa da siminti, ya shafe shi fari. Ya yi masa shafi na biyu don shuɗin yana ta leƙowa ta ƙasa.

Sauran aikin ma bai zo da sauƙi ba. Igiyar da aka ba shi ba ta shiga salularsa ba. Ya koma Katako, aka ce salular ba irin mai haɗuwa da majigi ba ce, sai dai a juye bidiyon a ɗan ƙaramin ƙarfen ajiya da suke kira kile, a soka shi a bayan na'urar. Aka juye masa. Da ya ɗora majigin a kan kujera, hoton ya fito a karkace, sama faɗi, ƙasa tsuke. Ya yi ta cusa kwali a ƙarƙashi har ya miƙe. Haske na shigowa ta taga, ya toshe ta da bargo, ya tura tsumma a ƙasan ƙofa, sai ɗakin ya zama kamar tanda, dole ya aro fanka. Muryar na'urar kuma kamar kukan sauro, ya haɗa mata lasifikar da ya ciro daga mota.

Bidiyon Bala na farko ba shi da amfani a bango, rawa yake yi har yana sa jiri. Yakuba ya kira shi.

"Don Allah ka sake. Ka riƙe wayar a kwance, da hannu biyu. Ka fara daga bakin rijiya, ka bi hanyar da Inna ke bi in ta ɗebo ruwa, ka yi tafiyar tsofaffi, har ƙofar gida."

"Har ƙofar gida?" Bala ya tambaya.

"Har can."

Da sabon bidiyon ya iso, Yakuba ya duba shi a salula yana cikin layin shan mai. Ga rijiya, ga gawo, ga mutane, ga ƙofar gidansu a ƙarshe, ƙarama kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ga ya yi.

Ranar da suka fara shiryawa, ya zaunar da Inna ya jingina ta da matasai, yana kai hannu zai kunna aka ɗauke wuta. Suka zauna cikin zafi suna jira har tsohuwar ta yi barci. Washegari ma haka. Sai a rana ta uku, bayan sallar magariba, wuta ta tsaya.

Bangon ya yi haske, sai ga bakin rijiya ya cika shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ga itatuwan da aka gitta a bakinta, igiyar guga ta yi musu zanen shekaru. Ana jin kukan jaki da muryoyin mata.

Inna ta ɗago kai. Bakinta da ya karkace ya fara motsi.

"Rijiyar Maigochi," ta ce. "Wa ya bar guga a ƙasa?"

Samira ta kama hannun Yakuba ta matse. Hoton ya fara tafiya a hankali. Inna ta riƙa kiran sunan komai: gawon da ake ɗaure raƙuma, dutsen da mata ke wanki, gonar da suka yi rigima da dangin mijinta a kanta shekarar fari. Ta faɗi wanda ya dasa kowace bishiya. Maganar da ta yi a wannan ɗan lokaci ta fi wadda ta yi a wata shida. Har dariya ta yi da ta ga wani tsoho zaune a kan turmi, ta ce tun yana saurayi malalaci ne. Yakuba ya tsaya a bayanta yana share ido da gefen riga.

Sai wata tsohuwa ta ɓullo daga wani lungu da ƙwarya a kai, ta nufo su, ta kai girman mutum sosai.

"Salamatu!" Inna ta ɗaga hannu. "Salamatu, ina wuni? Ina gajiya?"

Salamatu ta wuce ta gefen bango ta ɓace. Inna ta bi wajen da kallo, hannunta a sama.

"Ba ta amsa ba. Mi na yi mata?"

"Ba ta ji ba ne, Inna," in ji Samira. "Kunnenta ya yi nauyi."

Hanyar ta lanƙwasa, ƙofar gidan ta bayyana. Bala ya tsaya daga nesa, da gani ba ya son matsowa. Amma abin da ya ɓuya a salula, bango ya fito da shi fili. Darnin gaba ya kwanta. Ta saman sa ana hango ɗakin Inna, rufin ya rufta ciki, azara a tsaye kamar haƙarƙari. Babu ƙyaure. Wata akuya tana tsaye a kan dokin ƙofa tana tuƙa. Rumbun da ke gefe ya tsage biyu, ciyawa ta tsiro a cikinsa.

Yakuba ya daka tsalle zai kashe, ya rasa madannin a duhu. Kafin ya lalubo, bidiyon ya ƙare a kan wannan hoto ya tsaya cak.

Inna ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta dafa ƙasa da hannun dama, tana ƙoƙarin tashi.

"Ku kore ta. Tukwanena na ciki. Auta, kama ni in shiga."

"Inna, hoto ne. Gida yana nesa."

"Ga shi nan ina gani, kana ce mini nesa?"

Ya fizge igiyar wuta. Ɗakin ya yi duhu. Da Samira ta kunna fitila, babu komai sai farin bango. Nan ne tsohuwar ta fasa wani irin kuka da Yakuba bai taɓa ji daga bakinta ba, ko ranar da aka fita da gawar mahaifinsa. Maƙwabta suka taru a ƙofa suna tambaya ko rasuwa aka yi.

Daga baya ya fita waje ya kira Bala.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ɗakin ya faɗi ba?"

"Tun daminar bara ne. Na ga kana da abin da ya ishe ka. Kuma ai na tsaya nesa, na zaci ba zai fito ba."

Yakuba ya kashe wayar. Shi ma ya kalla, bai gani ba.

Ya yi fatan kafin safiya ta manta, tunda yanzu takan manta ko ta ci abinci. Ba ta manta ba. Tambayar ce kawai ta sauya. Ba ta ƙara zancen mota ba, sai ta nuna bangon da haɓa.

"Buɗe mini."

A ganinta gida yana bayan wannan bango, su ne suka rufe. Ta ƙi karɓar koko, ta ƙi fura. Samira ta dafa mata dambun zogale irin wanda take so, ta kawar da kai. Kwana biyu ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Dole Yakuba ya sake toshe taga ya kunna. Wannan karon ya sa an yanke masa ƙarshen bidiyon a Katako, ya tsaya kafin lanƙwasar hanya. Inna ta kalla, ta gai da Salamatu, Salamatu ta wuce. Ta karɓi loma uku daga hannun Samira idonta na kan bango. Da aka zo lanƙwasa hoton ya koma bakin rijiya.

"Don mi muka komo? Ba mu kai ba."

Ya sake zagayowa, ya sake komawa rijiya. A zagaye na huɗu majigin ya yi zafi ya mutu da kansa, aka koma kukan.

Haka suka yi ta yi har wajen mako uku. In an kunna ta ci kaɗan, in an kashe ta yi kuka har muryarta ta dushe. In an ɗauke wuta, ba abinci ke nan a ranar. Yakuba ya daina aikin yamma, lokacin da aka fi samun fasinja, don ya dawo ya buɗe mata. Ya roƙi Bala ya gyara darnin ya ɗora ko da zana ce a kan ɗakin ya sake ɗauka. Bala ya ce sai bayan girbi, yanzu ko'ina hannu a gona yake.

Wata rana da hantsi, yana tsaye a Petit Marché wata mata na loda buhun albasa a bayan motarsa, Samira ta kira shi tana haki. Ta fita tsakar gida wanke-wanke, da ta dawo ta tarar Inna ta sauko daga katifa ta ja jiki da hannu ɗaya har gindin bango. Tana ƙwaƙular fentin da farce, faratan sun karye, jini ya ɓata farin. Goshinta ma ya kumbura, da alama ta yi ta turawa da kai.

Da ya iso, Samira ta riga ta wanke mata hannu ta ɗaure. Ta tare shi a ƙofa, idonta ja.

"Yakuba, ya isa. Na yi haƙuri da wanki, na yi haƙuri da rashin barci, ban taɓa ce maka komai ba. Wannan ba zan iya ba. Da can tana jiran mota, tana cin abincinta, tana yi mini hira. Yanzu dubi."

"In na daina ba za ta ci ba."

"In ka ci gaba, wata rana zan shigo in tarar ta fasa kai."

Ya zauna a kan bokitin da aka kife, ya riƙe kansa. Alheri ya yi nufi, ya kuma san Samira ta san haka.

Ya naɗe igiyoyin, ya sa majigin a kwalinsa, ya tura ƙarƙashin gadonsu. Ya cire bargon taga. Ya sayo shuɗin fenti ya mayar da bangon yadda yake, ko za ta daina ganin ƙofa a wurin. Ya yi ne tana kwance tana kallonsa, don ta ƙi yarda a fitar da ita.

Bayan 'yan kwanaki ta koma karɓar koko, cokali biyu uku, daga hannun Samira kawai. In Yakuba ya miƙa mata sai ta rufe baki. Ta rame, wuyanta ya zama kamar kara. Tun da ba ta daina jan jiki zuwa wurin ba, sai suka matsar da katifarta jikin bangon. Nan take wuni, fuskarta na kallon shuɗin fenti, tafin hannunta a manne da shi. Wani lokaci takan kara kunne. In maƙwabtan da ke ɗaya gefen suna daka, sai ta ce Salamatu ce.

Likita ya zo ya duba ta, ya sauya magani, ya ce abin da ya faɗa tun farko ne yake tafiya, da majigi da babu majigi. Yakuba ya yi masa godiya, amma maganar ba ta sauke masa komai ba.

Wata safiya ya yi shirin fita, ya durƙusa kusa da katifar kamar kullum.

"Inna, ina kwana? Zan tafi aiki."

Ta juyo a hankali ta dube shi. Kallon ladabi ne, irin wanda ake yi wa baƙo mai muƙami. Ta jawo bakin mayafinta ta rufe kai.

"Lahiya lau, malam. Kai ne mai tsaron wurin nan?"

Samira da ke tsaye da kofin koko ta juya ta fita.

"Ban zo da rigima ba," in ji Inna. "Ina da ɗa a Yamai, yana da mota. Yaro ne mai jin ƙai, bai san an rufe ni a nan ba. In ka gan shi, ka ce ya zo."

"To, Inna. Zan faɗa masa."

"Allah shi yi maka albarka."

Ta mayar da fuskarta bango. Ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya tashi ya ɗauki makullin mota. A tsakar gida Samira tana zaune a bakin famfo, kofin a cinyarta, ba ta ɗago ba.

Ya tura motar ta tashi da ƙyar. A bakin titi wani mutum da kaji biyu a hannu ya tsayar da shi, ya faɗi inda za shi. Yakuba ya gyaɗa kai, mutumin ya shiga. Sun yi nisa sosai kafin fasinjan ya taɓa kafaɗarsa ya ce ba nan ce hanyar ba.